Kwana Tara, Sai Ta Suma

Ranar da Gwaggo ta kira ni karo na uku ina cikin aji a Maraɗi. Na fita baranda na ɗauka. Ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba ta ce, "Ɗan nan, injinka ya sake suma. Mata sun taho biyan hatsi tun da sahe, ga su nan zamne cikin rana. Mi za ni ce musu?"

Na ce ta danne maɓallin har na'urar ta mutu, ta ƙirga goma, ta sake kunnawa. Ta yi. Na'ura ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Gwaggo ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To, ta tashi. Amma ka sani wannan karon taubashinka ba ya nan. Makulli na hannuna." Ta kashe waya. Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana ni fahimtar ko kalma ɗaya a sauran darasin ranar.

Bari in koma baya don wanda bai san yankinmu ba. Ni ɗan Agye ne. In ka taso daga Maraɗi ka yi gabas kan babbar hanya, ka wuce Cadawa, mu za ka tarar kafin Gazawa. Gwaggona ita ce shugabar wata ƙungiyar mata mai bankin hatsi a wani ƙauye kusa da garin. Irin waɗannan bankuna sun yawaita a wajenmu bayan yunwar 2005, shi kuwa asusun mata irin na Mata Masu Dubara tun 1991 aka fara shi a jihar Maraɗi. Yadda abin yake: da kaka, lokacin da hatsi ke da araha, ƙungiya ta saya ta ajiye. Da damina ta yi nisa, rumbuna sun koma wofi, farashi ya tashi, sai a ranta wa mata da tiya. Kaka ta dawo su biya da ɗan ƙari. Buhu mai kilo 100 yakan ci tiya wajen 40, kuma kowace tiya sai an rubuta sunan wadda ta ɗauka.

A kaye ake rubutawa. Wata shekara gara ta shiga akwatin ta cinye rabin kayen. Rigimar da ta biyo baya har yau akwai gidaje biyu da ba sa gaisawa sosai saboda ita. Wannan ce ke raina lokacin da aka ce mu zaɓi aikin ƙarshen karatu. Mu uku ne a rukuni: ni, da wata ƴar ajinmu daga Gazawa, da wani abokinmu daga Gidan Rumji. Muka ce za mu haɗa na'urar lissafin bankin hatsi, kowa ya kai guda yankinsu. Muka samo tsofaffin kwamfutocin hannu uku, kowace da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 2, batiransu duk sun mutu tun tuni, in an ɗauke wuta take suke mutuwa. Muka sa musu Linux. Ita ta rubuta shafin da ake shigar da suna da tiya da hoton rasit, shi ya ɗauki rumbun bayanai, ni na ɗauki sashen ajiya.

Ga abin da sashen ajiya ke nufi. In ka danna "ajiye", manhaja ba ita ke taɓa faifai da kanta ba. Tana miƙa wa tsarin fayil, shi kuma ya yanka bayanin gutsure-gutsure ya miƙa wa wani sashe na can ƙasa, cikin zuciyar Linux, wanda ke magana da faifai. Ni a wannan wurin na kutsa. Na rubuta wani ɗan ƙari da harshen C wanda ke tare kowane gutsure, ya aika shi faifan cikin na'ura, ya kuma kwafe shi ya aika wani faifai na biyu da muka jona ta wayar USB. In ɗaya ya lalace, ɗaya na nan. Maganin gara ke nan a ganina.

Malaminmu ya ce mini, "Ai Linux na da wannan tun da daɗewa. Ka duba RAID 1, ka duba mdadm." Na ce, "Malam, ina so in koyi yadda ake yi da hannuna." Gaskiya ce, amma rabinta. Ɗaya rabin shi ne ina son a ce ɗan Agye ya rubuta abu cikin zuciyar Linux.

A watan Maris na 2023 muka girka su. Gwaggo ta ba ɗanta makullin ɗakin, shi ke shigar da lissafi, ana ba shi ɗan kuɗin sabulu a wata. Taubashina ne, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Tun ranar ya sa mini suna Injiniya, kuma ba don girmamawa ba. Wata shida na'ura na aiki, ko tari ba ta yi ba.

Sai ga 26 ga Yuli. Kowa ya san abin da ya faru a Yamai, kowa ya san takunkumin CEDEAO. A farkon watan Agusta Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. Wutar yankinmu daga Katsina take shigowa, ta sauka a tashar Gazawa, daga nan a raba ta zuwa Maraɗi da Damagaram. Da aka yanke, abin da a da muke kira ɗauke wuta ya koma kawo wuta: ita ce ke leƙowa jefi-jefi. Kaka kuwa na matsowa, lokacin biyan bashi. Matan suka zauna suka ciri kuɗi daga asusu, suka sayi farantin sola da batir. Ƙarshen Satumba aka haɗa. Na ce musu daga yau kada a riƙa kashe na'urar, a bar ta dare da rana, don da dare take haɗa lissafin yini.

Kwana tara da haɗa sola, ta suma. Allo na nan a kunne, amma ko ka danna me ba ta motsi. Na ce zafi ne. Na je na hure mata ƙura, na sayo ƴar fanka. Bayan kwana tara ko goma ta sake. Wannan karon na je da fushi. Na tarar da salula biyu a jone jikin batir, na buɗe na'ura na ga finafinai uku a wata jaka. A gaban matan kwamiti na ce, "Ga dalili nan. An mayar da injin ƙungiya gidan kallo." Taubashina ya yi dariya, yana zaton wasanmu ne na kullum. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Injiniya, fim yana kashe inji?" Na ce, "Yana kashewa." Ban san hakan ba. Na faɗa ne kawai, kuma aka yarda, don ni ne mai karatu a Maraɗi.

Gwaggo ba ta ce komai ba. Ta miƙa hannu, ya zaro makulli daga aljihu ya ba ta. Shugabar ƙungiya ba ta da damar a ce ta rufa wa ɗanta asiri kan dukiyar mutane. Aka ba wata yarinya da ta gama kwaleji aikin, makulli kuma ya koma kwana gefen zanen Gwaggo. A ƙauye irin wannan magana ba ta tsayawa inda aka faɗe ta. Kafin mako ya zagayo ta zama wai ya lalata lissafi don ya ɓoye wani abu.

To, ga shi ta suma karo na uku, shi kuwa ko ƙofar ɗakin bai taka ba.

Ranar Juma'a da yamma na shiga motar haya na tafi Agye. Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na karanta littafin da na'ura ke rubuta wa kanta. Linux na ajiye labarin abin da ke faruwa da ita, layi bayan layi, da lokacinsa. A sa'o'in ƙarshe kafin kowace suma abu ɗaya na gani: ƙwaƙwalwa ta ƙare, an kashe manhaja kaza. Akwai wani sashe da masana ke kira OOM killer, ni dogari nake ce masa. In ƙwaƙwalwar aiki ta cika maƙil, shi ke zaɓen manhajar da ta fi cin wuri ya kashe ta don sauran su sha iska. Na ga ya kashe rumbun bayanai, bai samu sauƙi ba. Ya kashe shafin shigar da suna, bai samu ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ba sauran wanda zai kashe, kuma ƙwaƙwalwa na nan a cike.

Wannan ya nuna mini abu guda. In manhaja ce ke riƙe da wurin, da an kashe ta wurin zai dawo. Tunda an kashe kowa wuri bai dawo ba, mai riƙon yana cikin zuciya, inda hannun dogari ba ya kaiwa.

A aji da Faransanci aka koya mana sunan wannan cuta, mu a tsakaninmu yoyon ƙwaƙwalwa muke cewa. A harshen C ba mai share maka. In kana son wuri ka roƙa da kmalloc, in ka gama ka mayar da kfree. Ka roƙa sau dubu ka mayar sau 999, guda ya tafi ke nan har sai an kashe na'ura. Guda ɗaya ba komai ba ne. Matsalar ita ce na'ura ba ta gajiya da maimaita kuskure.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma na faɗa cikinsa rabin dare. In ka buga free za ka ga kusan ba sauran wuri ko a lafiyayyar na'ura, domin Linux ba ta barin ƙwaƙwalwa zaune banza. Tana cika ta da kwafin abin da ta karanto daga faifai, in an buƙaci wuri ta saki nan take. Wannan aro ne mai dawowa. Wanda ba ya dawowa sai ka buɗe /proc/meminfo ka nemi layin SUnreclaim, wato wurin da zuciya ta riƙe kuma ba za ta iya saki ba. Na ɗauko kaye da biro, duk bayan sa'a ɗaya in rubuta lambar. Asabar da Lahadi ina zaune cikin ɗakin, mata na shigowa da hatsi, yarinyar na ɗaukar hoton rasit. Da na zana lambobin sai ga layi yana hawa, da rana da sauri, da dare a hankali, amma ko sau ɗaya bai sauko ba. Wajen megabait 150 a yini. Na yi lissafi: tsarin kansa na cin wajen 600, saura 1,400. Raba 1,400 da 150. Tara da ɗoriya. Na daɗe ina kallon lambar nan.

Na buga slabtop, mai nuna irin gutsattsarin da zuciya ta ara da yawansu. Na saman jeri shi ne kmalloc-4k, gutsure mai bait 4,096. Megabait 150 kuwa gutsure fiye da 38,000 ke nan kowace rana. Bait 4,096 shi ne daidai girman kwafin da ɗan ƙarina ke yi. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce ai sassa da yawa na zuciya na aron wannan girman, wataƙila ma kuskure na gano a Linux kanta. Wallahi har na fara tsara wasiƙar da zan aika wa masu kula da ita, ina tunanin yadda sunana zai fito. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na taka nawa na hango na taubashina, da bai yiwu ba na ɗaga kai na hango na mutanen da ban taɓa gani ba.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne sauran na'urori biyu. Manhaja ɗaya ce sak, ɗan ƙarina na cikinsu, amma ta Gazawa da ta Gidan Rumji ko sau ɗaya ba su suma ba. Ranar Litinin na faɗa wa abokan aikina haka, ina nufin in wanke kaina. Ƴar Gazawa ta dube ni ta ce, "Kai, tamu ai ba ta taɓa kwana biyu a kunne ba. Mu da layin Katsina ke sauka a bayan gidanmu, mu ne ba mu da kuran. Yaushe za ta samu kwana taran da za ta suma?" Ɗan Gidan Rumji ya ce tasu ma haka, in ta yi sa'a biyar a jere an gode Allah.

Nan na ji wani abu ya faɗo mini a ciki. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, ƙwaƙwalwar aiki na komawa fanko, duk wurin da aka ara ba a mayar ba ya dawo. Wata shidan nan da nake taƙama da su, yoyon na nan, ɗauke wuta ce ke share shi kafin ya taru. Matan sun kashe kuɗin asusunsu sun sayi wuta mai ɗorewa, ita kuma ta tona abin da duhu ya rufe.

Duk da haka ban sallama ba. Na ce sai na'ura ta nuna mini mai laifi da sunansa. Akwai wani ma'aikaci cikin Linux mai suna kmemleak, wanda Catalin Marinas ya rubuta, ya shiga zuciyar a 2009. Aikinsa ya riƙa zagaya ƙwaƙwalwa yana duba kowane gutsure da aka ara: shin akwai wani wuri da har yanzu ke riƙe da adireshinsa? In babu, maraya ne, sai ya kawo rahoto har da layin da ya aro shi. Amma ba a kunne yake zuwa ba, sai ka sake harhaɗa zuciyar daga tushe. Na sayi intanet na dare na sauko da tushen. Sau biyu wuta na ɗaukewa ana tsakiyar harhaɗawa, sai a na uku, a kwamfutar wani mai lafiyayyen batir, ta kammala gab da asuba. Na sa a kile na koma Agye.

Kwana biyu sabuwar zuciya na aiki. Layin kayena na ci gaba da hawa. Na umarci kmemleak ya zagaya, na buɗe rahoto. Fanko. Na sake. Fanko. Ba maraya ko ɗaya. Ƙwaƙwalwa na ƙarewa a gaban idona, ma'aikacin da aka yi don wannan aiki kuma na cewa ba abin da ya ɓata.

Bayan sallar isha'i Gwaggo ta shigo da tuwo ta same ni na dafe kai. Ta ce, "Mi kake nema cikin abin ga tun jiya?" Na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na ce, "Gwaggo, kamar a ce buhunan wofi ne ke ƙarewa. Kullum ana ɗauka, ba sa dawowa. Na sa an bincika, an ce ba wanda ya ɓata." Ta ajiye kwano ta ce, "To ai ba ɓata sunka yi ba. Shekaran jiya ma mun rasa buhun zuba hatsi, alhali ga su can jibge a lungu cike da wake, ana jiran amalanken da za ya kai su kasuwa. Mai amalanke bai zo ba. Kowa ya san inda suke, amma ba ka da na aiki. Ni dai ƙirga nike: nawa sunka hita, nawa sunka komo. In ba su yi daidai ba in tashi in duba lungu."

Ta fita. Na bar tuwon ya huce. Na buɗe rubutuna na ƙara masu ƙirga biyu, ɗaya na duk kmalloc, ɗaya na duk kfree. Na sake kunna na'ura. Lambobi biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba bambanci. Sa'a ɗaya, biyu, lafiya lau. Har na fara gyangyaɗi. Da safe aka buɗe ɗaki, wani ƙato ya shigo da buhu a kafaɗa ya jefar da shi jikin bangon da teburin ke jingine. Tebur ya girgiza. Ƴar fitilar faifai na biyu ta ɗauke ta dawo. Daga wannan lokacin lambar aro ta ci gaba da gudu, ta mayarwa ta fara ja baya.

Na duba littafin na'ura. Wayar USB ta yi sako-sako, girgizar ta raba ta da na'ura na ƙiftawar ido. Da faifan ya dawo, Linux ta ɗauke shi baƙo ta ba shi sabon suna: a da sdb ne, yanzu sdc. Ɗan ƙarina kuwa yana can yana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, kowane aike ana dawo masa da shi. Na gangara zuwa wurin da na rubuta abin da za a yi in aike ya ƙi. Layi uku ne. In faifai na biyu bai karɓa ba, a sa kwafin cikin jerin jira, a sake gwadawa. A ƙarƙashinsu ga wata ƴar tunatarwa da na rubuta wa kaina da Faransanci tun watan Fabrairu, cewa za a ƙarasa daga baya. Mai kwashe jerin jiran ban taɓa rubuta shi ba. Na yi lungu, ban yi amalanke ba. Shi ya sa kmemleak ya yi shiru, kuma gaskiyarsa: kowane gutsure na cikin jeri, adireshinsa na hannu, ba maraya ba ne.

Me ya sa ban gani ba a gwaji? Don a Maraɗi na gwada shi kan tebur mai ƙafa huɗu daidai, cikin ɗakin da ba mai jefa buhu. Faifai na biyu bai taɓa ƙin karɓa ba, don haka layukan nan uku ba a taɓa bi ta kansu ba. Na ɗauke su ƴar ɓarauniyar hanya da ba a bi sai shekara-shekara. A ɗakin bankin hatsi kuwa, da kaka, su ne babbar hanya.

Ina cikin murnar na gano, sai wani tunani ya sanyaya mini jiki. Abin da ke cikin jerin jira ba shara ba ne. Kwafin lissafin mata ne da bai isa faifai na biyu ba. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ta share jerin, da su take tafiya. Ɗan ƙarina kuma ba ya ajiye wata alama a faifai da za ta tuna masa inda aka tsaya. Na dakatar da aiki na kwatanta faifan biyu gutsure da gutsure. Ba su yi daidai ba, kuma ba a wuri ɗaya ko biyu ba. Faifan da na nuna wa matan nan na ce ko gobara ta ci ɗaya ga ɗaya, tun watan Maris yake da ramuka. Na kira abokaina na ce su kwatanta nasu. Na Gidan Rumji da ramuka, na Gazawa da ramuka. Na'urorin da ban taɓa jin kukansu ba cutarsu ɗaya da tamu, ba su dai samu kwana tara ba ne. Faifan farko na kowace na nan lafiya, ko tiya ɗaya ba ta salwanta ba. Amma wannan ba aikina ba ne, kiyayewar Allah ce. Da faifan ciki ya mutu a watannin nan, da na yi wa ƙauyuka uku abin da ya fi na gara.

Gyaran kansa bai ci yini ba. Na cire ɗan ƙarina daga na'urorin uku, muka koma ga abin da Malam ya faɗa tun farko. RAID 1 na Linux yana gane faifai da alamar da ya rubuta a jikinsa, ba da sunan da aka ba shi yau ba. In ɗaya ya fita, yana sanarwa ya ci gaba da guda. Yana kuma ajiye wata ƴar taswira a kan faifai, ba a ƙwaƙwalwa ba, ta wuraren da ba a kwafa ba tukuna, ta yadda ko wuta ta ɗauke, in an mayar da faifan daga nan zai ɗora. Ƴar Gazawa ta ƙara jan rubutu a allo da ke fitowa in faifai ya fita. Muka sauya waya, muka janye tebur daga bango. Muka kuma sa duk Juma'a a kwafi lissafi a kile a kai wani gida daban, domin faifai biyu a ɗaki ɗaya ɓarawo ɗaya ke ɗauke su. Gwaggo ta ce duk da haka kaye ba zai daina ba. Ban yi musu ba.

Da na kai wa Malam labari bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Kafin ka kai ta ƙauye, sau nawa ka zare wayar da hannunka tana cikin aiki?" Na ce ko sau ɗaya. Ya ce in rubuta wannan a babi na musamman, da zanen kayena a ciki. Shi ne babin da ya fi tsawo a kundina.

Wanda ya fi wuya shi ne zaman kwamiti. A wurin da na yi zargi, a nan ya kamata in janye. Na roƙi Gwaggo ta tara su, ta sa a kira ɗanta. Na tsaya na ce fim ba ya kashe inji, cajin salula ma haka, abin da ya sumar da na'ura rubutuna ne da ban ƙarasa ba, kuma na ɗora wa mutum laifi ban bincika ba. Na kuma faɗa musu maganar faifai na biyu, wadda ba wanda zai sani in na yi shiru. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe kai ma kana kuskure?" Aka yi dariya, ban da shi. Gwaggo ta kwance makulli daga gefen zane ta miƙa masa. Ya ce a bar wa yarinyar, ta iya aikin, shi ya riga ya samu wani abin yi a kasuwar Cadawa. Ya tashi ya fita.

Wannan shi ne abin da ban iya gyarawa ba. Ƙwaƙwalwar na'ura kashewa da kunnawa ke wanke ta. Watanni muna gaisawa da shi kamar baƙi: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya. Wanda bai san taubasantaka ba zai ce ai lafiya ke nan. Wanda ya sani ya san ba abin da ya fi wannan ladabi ciwo.

An janye takunkumi a Fabrairun 2024, wutar Katsina ta dawo bayan haka. Na'urar Agye na kan solarta. Duk zuwan da na yi sai na buga uptime in ga kwana nawa ta yi a kunne, in leƙa SUnreclaim, in rubuta a kayen nan dai. Layin a kwance yake.

Da watan cika-ciki ya kama, ina zaune ƙofar gidanmu da hantsi sai ga shi bisa moto. Bai sauka ba, bai yi sallama ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Injiniyan buhu, kuɗin shara. Na bana ninki biyu ne, ka san dalili." Na laluba aljihu, jika ɗaya ce gare ni. Ya karɓa ya duba ta gaba da baya, ya ce saura jika ɗaya, kuma shi ba ya sa bashi a jerin jira, Juma'a zai dawo.